Igiyar Da Ba A Ɗaurewa

Jidda aka ce mini. Ejan ɗin da ya yi mini takardu a Kano ya dafa ƙirji ya rantse cewa aikin jirgin kamun kifi ne a bakin teku, wai irina ake nema ido rufe, ɗan masunta da ya tashi a ruwa. Da na ga an rubuta Riyad a tikiti na tambaye shi, ya ce ai a nan ake canza jirgi. Ban canza komai ba. A filin jirgin wani mutum ya tare ni da sunana a kwali, ya karɓe fasfona ya zura a aljihu, ya ce, "Yalla." Da na tambaye shi hanyar Jidda, dariya ya yi har da riƙe ciki. Nan na san an yi mini sakiyar da ba ruwa.

Sunana Sabi'u, mutumin Yawuri. Ubana masunci ne, kakana ma haka. Na iya iyo kafin in iya Fatiha, Allah Ya yafe mini. To ga ni a shekarar 2014 a garin da ko kududdufi babu, kuma don abin ya ƙara ci mini rai sai aka ba ni tankar ruwa ina kai wa magina. Ina jin ruwan yana bugun ƙarfe a bayana duk wuni, amma ba na ganinsa sai a bakin tiyo.

Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya a Al-Ud, dab da katangar maƙabarta. A cikinmu akwai wani dattijo, Malam Isufu, mutumin Gaya ta Nijar, yana aikin lambu a gidan wani Bature a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Gulbinmu ɗaya da shi, su suna sama mu muna ƙasa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya tafi Batha yawon kasuwa, ni na kwanta na juya fuska bango. Sai na ji ana warware jarida a bayana, wani ƙamshi ya daki hancina. Banda ce, kifin gulbinmu mai hayaƙi.

"Shinshina tukuna, kada ka yi saurin ci," in ji shi.

Na shinshina, sai kuka. Ƙato da ni, har da majina.

"Yi abinka, ƙanena. Ni shekara biyu na yi ina yi. Amma ka haɗa da ci, kafin kurayen can su dawo."

Shi ne kuma bayan shekara biyu ya samo mini hanya aka mayar da iƙamata, wato takardar zamana, hannun wani sabon kafili, ubangida ke nan, a Shumaisi. Abu Turki ake ce masa, tsohon malamin makaranta, siriri, mai farin gemu da sanyin murya. Ni Ammi nake ce masa, kamar yadda ake kiran manya a can. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ɗa ɗaya ya rage masa a gida, Turki, mai shekara talatin da ɗaya. Haɗarin mota ya cinye masa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. An yi masa ta roba, ya jingine ta a bango, ya rufe ƙofar ɗakinsa.

Aikina in kai shi asibiti gashin ƙafa sau biyu a mako, in ya ga dama. Sau da yawa ba ya gani. Ana ajiye masa tire a bakin ƙofa, a ɗauke shi kusan yadda aka kawo. Ammi kuwa ya ajiye wata kujerar roba a baranda, daidai ƙofar, a nan yake wuni da Alƙur'ani a hannu, kunnensa yana ciki. In ya ji tari ko motsin gado sai ya ci gaba da karatu. Magungunan ɗan ma a aljihunsa suke, ɗaya-ɗaya yake miƙawa. Wata rana ina wanke mota ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, "Ya Sabi'u, tsoro nake ji wata safiya in buɗe ƙofar nan in tarar ya riga ni." Na ci gaba da goge gilashin da na riga na goge.

A mota Turki baya yake zama, ba ya ce mini komai sai "tsaya" da "tafi". Ko sunana bai sani ba. Ran nan muna tsaye a danja sai na ji ƙarar iska da ruwa tana fitowa daga wayarsa. Wallahi ban san na juya ba sai da motocin baya suka cika unguwa da oda.

"Me kake kallo?" ya ce a fusace.

"Ruwa, Allah Ya ja kwana."

Da na faka a asibiti sai ya miƙo mini wayar kamar mai jefa wa kare ƙashi. Wani mutum ne a tsaye kan allo a bisa teku, wata ƙatuwar laima tana can sama, igiyoyinta sun sauko sun haɗu a wata sanda da ke hannunsa, laimar tana jan sa yana keta ruwa. Kait suke ce mata, ni dai laima na sani. Na duba yadda gefen zanen yake karkarwa, na ce, "Wannan yanzu zai sha ruwa, ya ja igiya ta yi yawa." Ban rufe baki ba mutumin ya kife.

Turki ya karɓe wayarsa. "Ka taɓa ganin wannan?"

"Ban taɓa ba. Amma iska na sani."

Na ba shi labari da guntun Larabcina. A wajenmu in iska ta yi kyau ba ma kashe kanmu da tuƙi. Buhunan taki muke farkewa mu ɗinke su zama zane ɗaya babba, mu kafa gora a tsakiyar jirgi, iska ta kai mu inda za mu. Ya saurara har na gama. Sannan ya nuna mini wani hoton, wani Bature yana wannan wasa da ƙafar roba irin tasa. A ranar ya tambaye ni sunana.

Da ya gaya wa mahaifinsa yana son ya koya, tsohon nan bai san ko ya yi murna ko ya yi kuka ba. Shekara guda ɗansa bai ce yana son komai ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Washegari muka nufi wajen wani ɗan kasuwa da ke sayar da irin kayan a wani shago a arewacin gari. Ammi ya shiga yana cewa, "Ƙarama nake so, wadda ta fi kowacce ƙanƙanta, kada ta ɗauke mini yaro." Mai shago ya ga banza ta faɗi. Ya zaro wata 'yar mita bakwai da ta daɗe a kan kanta, ya haɗa da wani siririn allo mai ƙyalli, ya ce wa Turki irin na zakarun duniya ne.

Ina bakin ƙofa ina kallo. Watan Oktoba muke, kuma Turki, bayan shekara guda a kwance, ya kusa buhun masara nauyi. Na daure na ce, "Ammi, anya wannan ba ta yi kaɗan ba?"

Mai shago ya dube ni ta saman tabarau. "Tun yaushe direba ya zama kaftin?"

Na haɗiye maganata na ɗauki kaya na kai but. Har yau ina jin haushin kaina a kan wannan shirun.

Awa huɗu ne daga Riyad zuwa gaɓar da ke bayan Khobar. Mun bi ta jan yashi, mun wuce raƙuma da gidajen mai, har iska ta fara nauyi a hanci. Da na hango shuɗin ruwa sai da na rage gudu, don idona ya cika. Muna tsayawa na ruga na ɗebo da tafin hannu na kai baki, na furzar. Kai! Ruwan nan ba shi da mutunci, gishiri zalla. Turki ya kusa yin murmushi. Iyakata bakin gaɓa, ban shiga ba.

Mai koyarwar wani Bamisire ne, kowa Kaftin yake ce masa. Ya dubi laimar, ya dubi Turki, ya ɗebi yashi ya sake shi, yashin ya zubo kusan a miƙe.

"Wa ya sayar muku da wannan? Ai ta iskar bazara ce mai ƙarfi. Yanzu har ƙarshen shekara yawanci 'yar iskar la'asar ce kawai."

Turki ya ce sai an gwada. Aka hura laimar da famfo, aka ɗaga. Ta hau sama kaɗan, ta yi tangaɗi, ta faɗo ruwa. Aka sake, ta sake faɗowa. Sau biyar. Mutane suka fara taruwa, wani ya ɗaga waya, wata murya ta ce, "Miskin." Na ga kalmar ta same shi. Ya kwance ɗamarar da ke haɗa shi da laimar ya yar, ya fito yana ɗingishi, ya shige bayan mota. Awa huɗun komawa ba wanda ya yi tari. Ƙofa ta rufe, kwana goma sha ɗaya ko asibiti bai je ba, tire yana dawowa ba a taɓa ba.

Ran na sha ɗaya na kai Ammi masallaci, da ya fito bai ce in tayar da mota ba. Ya ce, "Ni na jawo. Tsorona ya sa na saya masa abin da ba zai tashi ba. Yanzu ya ɗauka ƙafarsa ce."

Karambanin akuya, gai da kura. Na ce, "Ammi, ka ba ni izini in yi magana irin ta ɗan masunta, ba ta direba ba."

"Faɗi."

"Babana yana cewa in iska ta yi kaɗan, zane mai faɗi ake ba ta, marar nauyi, da jirgi mai faɗin ciki. Ƙaramin zane a ƙaramar iska ba aminci ba ne, wahala ce. Amincin yana wani wuri dabam."

A ranar na kira Baba a Yawuri, na kwatanta masa abin iyakar iyawata. Ina jin kaji a bayansa. Ya ce, "Larabawa da neman magana. Su ja mutum da zane ba jirgi? To ka busa zanen kamar yadda na koya maka. Kuma kafin komai ka duba wurin saki." Da na ba Malam Isufu labari kuwa sai ya tafa hannu. Ya ce Baturensa zai koma ƙasarsu ƙarshen wata, gareji cike da irin waɗannan tarkacen, shi ne ma yake wanke masa su duk Asabar.

Saura fitar da mai ɗaki. Na je na ƙwanƙwasa, Ammi yana zaune a kujerarsa yana kallona.

"Ya Turki, Sabi'u ne. Ba ƙafarka ba ce. Ko mai ƙafa huɗu aka ɗaura wa laimar can ba za ta ja shi ba. Hankici aka ba ka aka ce ya ja raƙumi."

Can sai na ji murya a dishe. "Ni ne raƙumin?"

"Wallahi ka kusa."

Ammi ya zaro ido. Ni ma na ce yau iƙamata ta ƙare. Sai ƙofa ta buɗe kaɗan.

"In ta sake faɗowa fa?"

"Ka sa a buga mini bizar fita in koma gulbinmu."

Ya dube ni ya ce, "Miƙo mini ƙafar."

Unguwar Jakadanci wata duniya ce, sojoji a ƙofa, itatuwa ko'ina, ciyawa shar kamar ba a Riyad ba. Malam Isufu ya tarbe mu yana ta washe baki kamar gidan nasa ne. Baturen, dogo mai saɓaɓɓen hanci, ya shimfiɗa mana laima uku a kan ciyawa: mai mita tara, mai sha huɗu, da mai sha bakwai. Nan take Turki ya nuna babbar, don wanda ƙarama ta kunyata gani yake girma ne magani. Ammi kuwa a hankali ya matsa ya tsaya kusa da mai tara.

Na durƙusa gaban babbar, na kama zanen da hannu biyu na ja shi ya miƙe, na manna bakina na busa da ƙarfi, tafin hannuna yana ɗaya gefen. Haka Baba yake yi wa kowane buhu kafin a sa masa allura. Na ji ɗumin numfashina ya ratsa. Zanen ya yi laushi kamar tsohon zanin tsohuwa, rana ta gama cinye shi.

"Me yake yi? Sumbatarta yake?" in ji Baturen. Malam Isufu ya fassara mini yana ƙyaƙyatawa.

Na ce a gaya masa wannan ta mutu. In numfashina ya wuce, iska ma wucewa za ta yi, kuma wanda iskarsa kaɗan ce ba shi da ta zubarwa. Baturen ya durƙusa shi ma ya busa, ya tashi yana dariya yana girgiza kai. Ya ce gaskiya ne, shekara shida yana hawanta, bara ta fara yi masa nauyin tashi bai san dalili ba. Ya naɗe ta da kansa ya kai gefe.

Mai sha huɗun kuwa da na taɓa ta ƙara take kamar sabuwar shadda. Na busa har kunnena ya toshe, ko ɗigo bai wuce ba. Na ɗaga ta da hannu ɗaya, ba nauyi, haƙarƙarinta uku ne kawai, ba biyar ba irin na babbar. Na bi ɗinkin kaf da yatsa. Muka kira Kaftin a waya muka nuna masa. Ya ce ita ce daidai nauyin Turki a irin iskar nan, kuma ko da babbar tana da rai ba zai ba ɗan koyo ita ba, don ran da iska ta tashi ba zato sai ta fi ƙarfinsa. Muka hura ta da famfo ta yi tauri, na ce a bar ta a rana mu gani ko tana sacewa. Malam Isufu ya dafa shayi irin na Nijar, zagaye uku. Da muka gama na matsa ta, tana nan yadda take.

Wajen allo aka yi rigima. Na zaɓi wani shimfiɗeɗe mai faɗi, duk jikinsa ƙarzuwa.

"Wannan ai ƙyauren bayi ne," in ji Turki.

"Shi zai ɗauke ka. Siririn can sai iska ta yi hauka yake tashi. Kana son kyau ko kana son tafiya?"

Ya yi ƙwafa, amma ya zauna a ciyawa ya zura ƙafafunsa. Muka sassauta maɗaurin hagu yadda in ya faɗi ƙafar robar za ta zame da kanta, kada ta murɗe masa gwiwa. Ɗamara muka ɗauki mai kama da gajeren wando, wadda ke riƙe cinya, don kada ta haye masa ƙirji. Tana da wani mariƙi a baya, na lura idon Ammi ya tsaya a kansa. Muka haɗa da rigar da ke hana nutsewa da hular kwano.

Sannan na tambayi abin da Baba ya ce. Baturen ya nuna mini wani jan abu a gaban ɗamara, in an tura shi laimar takan saki ƙarfinta ta faɗo. Sandunan riƙe laima biyu Baturen yake da su, kowacce da nata jan abin. Na ɗaura igiya a reshen itace, na sa Turki ya jingina da dukkan nauyinsa ya tura. Na sandar farko ya cije, gishiri ya kama shi, sai da ya sa hannu biyu. Na ce ko kyauta ba ma so. Na biyun yana taɓawa ya buɗe, Turki ya zube a ciyawa. Na sa shi ya maimaita sau goma, biyar ido a rufe, yana zagina yana yi.

Na juya na ce, "Ammi, ga amincin da nake faɗa maka. Ba a ƙanƙantar zane yake ba." Ya sa yatsa ya taɓa jan abin.

Da za mu tafi Baturen ya ƙara mana da wata 'yar mitsitsiyar laima ta koyo a tudu, ya ce kyauta ce ga mai busa. Da ita muka yi Juma'a uku a yashin Sumama bayan la'asar, Turki yana koyon juya ta dama da hagu. Ran farko ta fizge shi ya ci yashi da baki, ya ɗago yana dariya, dariya ta gaske mai fitowa daga ciki. Ammi yana zuba gahawa a lokacin, ya yi ta zubawa har ta cika finjali ta zubo masa a yatsu.

Sau uku muka koma teku kafin a zo maganar allo. Laimar ta tashi tun ran farko, ta tsaya a sama cak a iskar da ko hular mutum ba za ta ture ba. Kaftin ya koya masa saukar da ita, da tayar da ita daga ruwa, da barin ta ta ja shi a kan ciki. Wurin ba zurfi, sai ka yi tafiya mai nisa ruwa yana iya ƙugu. Duk wannan Ammi yana ciki tsamo-tsamo da farar jallabiyarsa, hannunsa a kan mariƙin nan na baya. Kaftin ya ce a bar shi, a matakin nan riƙon yana da amfani. Ni kuwa ina gaɓa ina gadin takalma.

Zuwa na huɗu shi ne ranar hawa allo. Iskar ta makara, sai bayan la'asar ta zo, kuma mun san kafin magariba za ta kwanta. Turki ya zauna a ruwa, allo a ƙafa, ya karkato da laimar ta ja. Ya fara miƙewa, sai ya koma ruwa da baya. Ya sake, haka. Daga gaɓa ina ganin abin da ke faruwa. Duk lokacin da laimar ta ɗauke shi, tsohon sai ya ƙanƙame ya jawo shi.

"Yuba, sake ni!" Haka suke kiran uba.

"Na saki, ɗana, na saki." Alhali bai saki ba.

A karo na huɗu Turki bai yi tsawa ba. Ya daki ruwa da hannu sau ɗaya, ya sunkuyar da kai. Na san wannan fuskar, ita nake gani a madubi ran da muka koma da 'yar mita bakwai. Tutar da ke bakin gaɓa ta fara sanyi. Kaftin ya waiwayo ya buɗe mini hannuwa, shi ba zai iya yi wa dattijo tsawa ba.

Ban shiga ruwa ba tun rasuwar yayana Haruna, ko a gida iyakata cikin jirgi. Na tuɓe takalmi na shiga da wandona. Na isa na tsaya kusa da Ammi, yatsunsa sun yi fari a kan mariƙin.

"Ammi, dokar Babana uku ce, biyu na gaya maka. Ta ukun ita ce ba a ɗaure igiyar zane a jikin jirgi. A hannu ake riƙe ta, don in iska ta zo a sake mata."

"Ba lokacin labari ba ne, ya Sabi'u."

"Ina da wa, Haruna. Duk Yawuri ba wanda ya kai shi ruwa. Wata rana iska ta kwanta kamar ta yau, ya ga ba abin tsoro, ya ɗaure igiyar don ya gyara komar kamun kifinsa. Iska ta faɗo ta bayan tsibiri, zanen ya nemi a sake shi, ba hali. Jirgin ya kife, komar ta naɗe shi. Ina jirgi na biyu ina kallo, Ammi. Da hannuna na fito da shi."

Ya juyo ya dube ni, ruwa yana bin gemunsa.

"In na sake shi ya tafi fa?"

"Zai tafi. Abin da ya kawo mu ke nan. Ga Kaftin can gaba, ruwan iya ƙugu ne, wurin saki yana hannunsa, kai ka ga ya gwada sau goma. In ka ci gaba da riƙewa, ɗakin can zai koma."

Na miƙa masa hannuna.

"In dole sai ka riƙe wani abu, riƙe ni."

Turki bai waiwayo ba, amma na san yana ji. Ya ɗaga laimar ta koma tsakiyar sama, ya ja numfashi, ya karkato da ita. Igiyoyi suka miƙe. Na ji tsohon ya ce "Bismillahi" can ƙasan maƙoshi, sai yatsunsa suka sauka a wuyan hannuna.

Ƙyauren bayin nan ya hau kan ruwa. Turki ya miƙe a karkace, gwiwa a lanƙwashe, duwawu a baya, ba kyan gani ko kaɗan, amma yana tafiya. Ya yi kamar nisan gidanmu da masallaci, sannan ya kife, ruwa ya tashi. Laimar ta tsaya a sama tana jiransa. Ammi ya matse ni har na ji ƙashina. Sai ga jar hular kwano ta ɓullo, ga hannu ɗaya a sama.

"Yuba! Ka gani? Yuba!"

Tsohon ya buɗe baki zai amsa, murya ta ƙi. Ni na amsa masa, da Hausa ma, ina ihu kamar mahaukaci. Sawun yatsun nan kwana uku ya yi a hannuna.

Washegari da hantsi na shigo gidan don in ɗauraye kayan da ruwan daɗi, kamar yadda Baturen ya ce a riƙa yi. Na tarar an riga ni. Turki yana tsakar gida da tiyo a hannu, ya naɗe jallabiya har gwiwa, ƙafar robar a waje ko a jikinsa. Ya shanya laimar a igiya, ɗamarar kuma ya ɗora ta a kan wata kujerar roba tana ɗiga. Ko sannu bai ce mini ba, sai cewa ya yi wai na makara.

Na leƙa baranda. Ƙofar ɗakin a buɗe take har bango. Ammi yana tsaye a gabanta da Alƙur'aninsa a ƙirji, yana dube-dube kamar wanda ya yi ɓatan kai a gidansa. Da ya gan ni sai ya nuna tsakar gida da haɓa.

"Ya Sabi'u," ya ce, "ka ga ɗan nan? Ya ɗauke mini kujera."